Koyar da Ingilishi a Makarantun Sakandare na Gwamnati a Ƙasashen Waje: Alfanu da Illoli, tare da Misali daga Jos

1.0 Gabatarwa

Garin Jos ya daɗe da sanin baƙon malami. Tun farkon ƙarni na 20 haƙar kuza ta tara Turawa da Hausawa da Yarabawa da Ibo a kan tsaunin Filato, suka zauna tare da Birom da Afizere da Anaguta, sannan sanyin garin ya sa mishan-mishan da ma'aikatan gwamnati Turawa suka so zama a cikinsa. Duk wanda ya tashi a unguwar Kwararafa, a tsakiyar tsohon gari, ya kuma yi karatun sakandare tsakanin 1965 da 1985, da wuya a ce bai taɓa zama a gaban malami Bature ko Ba'indiye ko mutumin Ghana ba. A yau al'amarin ya juya. 'Ya'yan waɗancan ɗalibai, waɗanda suka karanta Ingilishi a Jami'ar Jos ko a kwalejojin ilimi, su ne suke neman hanyar fita zuwa wasu ƙasashe domin su koyar da harshen da aka zo har gida aka koya wa iyayensu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta auna alfanu da illolin da ke tattare da wannan aiki, wato malami ya bar ƙasarsa ya je ya koyar da Ingilishi a makarantar sakandare ta gwamnati a wata ƙasa. An zaɓi makarantar gwamnati ne saboda ita ce makarantar ɗan talaka, ita ce mai cunkoson aji da ƙarancin littattafai, kuma a cikinta ne kuskure ko dacewar malami ke shafar mutane mafi yawa. Za a dubi al'amarin ta fuskar ɗalibin da ake koyarwa, da malamin da ya yi tafiyar, da kuma makarantar da ya baro a gida, domin sau da yawa ribar ɗaya daga cikinsu hasarar wani ce.

2.0 Matsayin Ingilishi a Ƙasashen da ake Zuwa

Kafin a yi maganar riba ko hasara, ya kamata a tantance cewa kalmar "waje" ba abu ɗaya take nufi ba. A 1985 Braj Kachru ya kasa ƙasashen da ke amfani da Ingilishi gida uku, ya kira su da'irori. Da'irar ciki ita ce ta ƙasashen da Ingilishi yake harshen uwa ga mafi yawan jama'arsu, kamar Ingila da Amurka da Ostireliya. Da'irar waje ita ce ta ƙasashen da suka gaji harshen daga mulkin mallaka suka mayar da shi harshen hukuma da na makaranta, kamar Nijeriya da Ghana da Gambiya da Indiya. Ta uku ita ce da'ira mai faɗaɗa, inda Ingilishi yake baƙon harshe da ake koyo a aji kawai, kamar Nijar da Japan da Koriya.

Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci ga aikin malami. A Gambiya ɗalibi yana karanta lissafi da tarihi da kimiyya duk da Ingilishi, kuma yana zana jarrabawar Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, irin wadda ɗalibin Jos yake zanawa. A Maraɗi ko Damagaram kuwa, Ingilishi darasi ne guda a cikin darussa, ana fara shi a ajin farko na ƙaramar sakandare, sauran darussa kuma da Faransanci ake bayar da su. A Japan da Koriya ta Kudu baƙon malami yawanci mataimaki ne, yana shiga aji tare da malami ɗan ƙasa domin ya horar da yara magana da saurare. Aiki uku ne mabambanta, ko da yake sunansu ɗaya.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

3.1 Baƙin Malamai a Arewacin Nijeriya

Ilimin boko na gwamnati a Arewa ya faro ne a hannun baƙi. A 1909 Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano, inda aka fara karatu da Hausa. Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗewa a 1922, ta shahara da matsa wa ɗalibai a kan kyakkyawan furucin Ingilishi, kuma malamanta na harshen Turawan Ingila ne. Daga cikin ɗalibanta akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda har a Ingila aka yaba wa lafazinsa.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 makarantu suka yawaita, malamai suka yi kaɗan. A nan ne ƙungiyoyin 'yan sa-kai suka shigo: VSO ta Ingila wadda aka kafa a 1958, da Peace Corps ta Amurka da CUSO ta Kanada waɗanda aka kafa a 1961. Mafi yawan waɗanda suka turo matasa ne sababbin gama jami'a, kuma wa'adinsu bai cika wuce shekara biyu ba. A shekarun 1970, da kuɗin mai ya ƙaru aka kuma ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa a 1976, jihohin Arewa, har da Binuwai-Filato da Filato da ta gaje ta a 1976, sun ɗauki malamai na kwantiragi daga Indiya da Pakistan da Filifin da Ghana. Wannan zango ya ƙare da sauri. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardun zama, kimanin mutanen Ghana miliyan ɗaya suka fita, malamai da yawa a cikinsu. Faɗuwar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ta sallami mafi yawan waɗanda suka rage.

3.2 Malaman Nijeriya a Waje

A daidai lokacin da baƙi suke fita ne Nijeriya ta fara tura nata. A 1987, zamanin mulkin Ibrahim Babangida, lokacin da Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, aka kafa shirin taimakon ƙwararru da aka fi sani da TAC, wanda ke tura likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi da malaman makaranta zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik. Wa'adin aikin shekara biyu ne. Nijeriya ke biyan kuɗin jirgi da alawus, ƙasar da ta karɓa kuma ta bayar da masauki. Ban da wannan hanya ta hukuma, akwai waɗanda suke fita da ƙashin kansu, su nemi aiki a ƙasashe maƙwabta ko na Larabawa ko na Asiya.

Buƙatar malaman ba ta tsaya ba, domin ƙasashe na ci gaba da sauya manufofinsu na harshe. Namibiya ta ɗauki Ingilishi a matsayin harshen hukuma da ta samu 'yanci a 1990. Ruwanda ta sauya harshen koyarwa daga Faransanci zuwa Ingilishi a 2008. A 2025 kuma sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Kowane irin wannan sauyi yana buɗe guraben da ƙasar ba ta da isassun 'ya'yanta da za su cike nan take.

4.0 Alfanu

4.1 Ga Ɗalibi

Alfanu na farko, kuma mafi bayyana, shi ne aji ya samu malami maimakon ya zauna haka nan. A makarantun ƙauye da na gefen gari wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sau da yawa ba tsakanin baƙon malami da ɗan ƙasa ake zaɓe ba, tsakanin baƙo da babu ne.

Na biyu shi ne samun abin koyi a furuci. A nazarin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982, Munzali Jibril ya nuna bambancin da ke tsakanin Ingilishin Hausawa da na mutanen Kudu ta fuskar tsarin sauti, kuma masana sun danganta wani ɓangare na wannan bambanci da irin malaman da kowane sashe ya samu tun farko. 'Yan makarantar Arewa kaɗan ne, suka kuma ji harshen daga bakin masu shi kai tsaye na tsawon shekaru. Wannan shaida ce cewa kunnen yaro yana ɗaukar abin da ya saba ji.

Na uku shi ne tilascin amfani da harshen. Idan malami ba ya jin harshen ɗalibai, to ko izinin fita yaro zai nema sai ya haɗa jimla da Ingilishi. Harshen ya tashi daga zama darasin da ake haddacewa domin jarrabawa, ya koma hanyar biyan buƙata. A kan wannan tunani ne Japan ta kafa shirinta na JET a 1987, Koriya ta Kudu kuma ta kafa EPIK a 1995.

Akwai kuma wani alfanu da ya keɓanta ga malamin da ya fito daga wuri irin Jos. Yaron Kwararafa yana tashi da Hausa a gida da kasuwa, yana jin Turancin buroka a tasha, yana koyon Larabci a makarantar allo ko Islamiyya, yana zama benci ɗaya da ɗan Ngas da ɗan Tarok da ɗan Mwaghavul waɗanda Hausa ce ta haɗa su da shi. Idan irin wannan yaro ya zama malami, ya riga ya san wahalar koyon Ingilishi daga ciki, domin shi ma koyonsa ya yi. Ya san inda ake tuntuɓe a nahawu, ya san kuma kunyar da ke hana yaro buɗe baki a gaban 'yan'uwansa. Wanda aka haifa da harshen yana iya sanin cewa jimla ba daidai take ba, amma ya kasa faɗin dalili. Wanda ya koya a aji yakan san dalilin, domin ta hanyar dalilin ya bi ya iya.

Wannan fifiko ya fi fitowa fili idan Bahaushen Nijeriya ya je Nijar. Ɗalibin Maraɗi yana koyon Ingilishi ne ta cikin Faransanci, wato yana hawa baƙon harshe ta kan tsanin wani baƙon harshe wanda shi ma bai gama riƙe shi ba. Malamin da ke jin Hausa yana iya yanke masa hanya. Alal misali, bambancin aikin da ya kammala da wanda ake cikin yi, wanda yaro zai sha wuya ya gane ta Faransanci, yana fitowa sarai idan aka kwatanta masa da "ya tafi" da "yana tafiya".

4.2 Ga Malami

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Malamin da ya yi shekara goma yana koyar da manhaja ɗaya a makaranta ɗaya yakan ɗauka cewa kurakuran ɗalibansa su ne kurakuran duk mai koyon Ingilishi. Sai ya tsaya gaban 'ya'yan Mandinka ko Amhara zai gane cewa wasu kurakuran na Hausa ne, wasu na harshen waɗancan ne, wasu kuma na kowa ne. Wannan shi ne nazarin kwatanta harsuna a aikace, kuma wanda ya yi shi yakan dawo da kaifin ido da babu littafin da zai ba shi.

Ba za a ɓoye maganar kuɗi ba, domin ita ce ke fitar da mafi yawan masu fita. Alawus ko albashin da ake biya da dala ko wani kuɗin waje yana ƙara nauyi duk lokacin da naira ta faɗi, kamar yadda ta yi a 1986 da kuma bayan sakin farashinta a watan Yuni na 2023. Shekara biyu a waje kan iya ba malami abin da zai gina ɗaki ko ya biya kuɗin ƙarin karatu. Makarantar gwamnati kuma tana da nata kwanciyar hankalin idan aka kwatanta ta da ta 'yan kasuwa: kwantiragin da hukuma aka ƙulla shi, takardar izinin zama ta hannun hukuma take fitowa, lokutan aiki da na hutu sanannu ne, kuma malami ba ya ƙarƙashin mai makaranta da ke kallon ɗalibi a matsayin mai ciniki.

4.3 Ga Ƙasa

Ƙasar da ta tura malamai tana sayen suna da abokai a farashi mai sauƙi. Wannan ne tunanin da ya haifar da Peace Corps a zamanin John Kennedy, shi ne kuma ya haifar da TAC. Yaron da malami ɗan Nijeriya ya koyar a Banjul yana iya zama minista ko alƙali bayan shekara talatin, kuma abin da ya sani game da Nijeriya zai fara ne daga halin wannan malami. Bugu da ƙari, kowane malami yana tafiya da irin Ingilishinsa. A watan Janairu na 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Nijeriya, har da Kannywood, kuma bakin mutane ne ke kai irin waɗannan kalmomi inda littafi bai kai ba.

5.0 Illoli

5.1 Giɓin Harshe da Al'ada

Abin da aka lissafa a matsayin alfanu a 4.1, wato rashin jin harshen ɗalibai, shi ne kuma babbar illa idan aka juya shi. Ana iya ganin haka daga abin da baƙin malamai suka tarar a ajin Hausawa. Hausa ba ta bambanta sautin /p/ da /f/, saboda haka kalmomin pan da fan sukan zama ɗaya a bakin yaro. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa ake saƙa wasali a tsakani, kamar yadda ya faru a kalmomin aro irin su direba da tireda da fulawa. Aikatau "ji" yana ɗaukar sauti da wari da zafi da fahimta, sai yaro ya ce da Ingilishi yana sauraren wari. Hausa ba ta da wakilin suna na abin da ba namiji ba mace ba, sai mota ta zama she. Idan aka tambayi yaro, "Ba ka zo jiya ba?" amsarsa ta gaskiya ita ce, "I, ban zo ba," kuma idan ya ɗauki wannan "i" ya kai ta Ingilishi, malami zai ji akasin abin da yake nufi.

Malamin da ya san Hausa yana ganin tsari a cikin waɗannan kurakurai, ya shirya darasi a kan kowanne. Wanda bai sani ba yana ganin daƙiƙanci, ko ma ƙarya. Haka kuma yaron da ya sunkuyar da kai yayin da babba ke masa magana ladabi yake yi, amma baƙo na iya ɗaukarsa rashin gaskiya. Duk abin da ya samu Bature a Jos zai samu ɗan Jos a Habasha ko Fiji, domin baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Ko a Nijar ba a tsira gaba ɗaya ba. Bahaushen Nijeriya zai tarar cewa makarantar da ya sani lakwal ce, malam mushe ne, biro bik ne, littafin rubutu kuma kaye. Maki a kan ashirin ake bayarwa, kuma takardun ofis da taron malamai da rahoton sufeto sun ginu a kan Faransanci. Idan ba ya jin wannan harshe, ba zai gane dalilin da ya sa ɗalibi ke kiran kantin littattafai library ba, alhali kalmar Faransanci mai kama da ita ce ta ruɗe shi.

5.2 Gajeren Zama

Karatun sakandare a Nijeriya shekara shida ne, a Nijar bakwai. Wa'adin ɗan sa-kai shekara biyu ne, kwantiragin Japan da Koriya kuma na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa. Shekarar farko takan tafi a koyon sunaye da manhaja da yanayin gari. A shekara ta biyu, daidai lokacin da malami ya fara amfani, sai ya fara ɗaure kaya. Ɗalibi ɗaya yana iya wucewa ta hannun malamai uku masu lafazi uku da hanyar koyarwa uku kafin ya kai ajin jarrabawa. Tarihin David Jowitt ya nuna abin da dogon zama ke haifarwa. Ya fara zuwa Nijeriya a 1963 a matsayin malamin sakandare, daga baya ya koyar a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos, ya wallafa littafinsa a kan yadda 'yan Nijeriya ke amfani da Ingilishi a 1991, ya rasu a 2023. Irin wannan sani ba ya samuwa a shekara biyu, kuma irinsa kaɗan ne a cikin dubban da suka zo suka wuce.

5.3 Matsalar "Mai Harshe"

A 1961 an yi taron ƙasashen Kwamanwel a Makerere ta Yuganda a kan koyar da Ingilishi a matsayin harshe na biyu. A littafinsa na 1992 Robert Phillipson ya tsamo aƙidoji biyar da ya ce sun yi tasiri daga wannan taro, ya kuma kira su kurakurai. Biyu daga ciki sun shafi wannan maƙala: cewa Ingilishi ya fi koyuwa idan ba a haɗa shi da wani harshe ba, da cewa mafificin malami shi ne wanda aka haifa da harshen. Aƙida ta farko ce ta haifar da tarar da ake cin yaro idan ya yi Hausa ko Birom a harabar makaranta. Gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci har shekara shida na firamare ba tare da Ingilishinsu ya nakasa ba, ya raunana wannan aƙida.

Aƙida ta biyu ita ce ke tare wa malamin Nijeriya hanya. Shirin EPIK ya gina sharaɗinsa ne a kan fasfo na ƙasashe bakwai: Amurka da Kanada da Birtaniya da Ailan da Ostireliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Wanda ya yi digiri a Ingilishi ya kuma koyar shekara goma a Jos ba ya cikin wannan jeri, matashin da ya karanta wani fanni dabam a Landan yana ciki. Tun 1971 Ayo Banjo ya kasa Ingilishin Nijeriya kashi huɗu, ya nuna cewa kashi na uku, na masu ilimi mai zurfi, ana fahimtarsa a waje ana kuma karɓarsa a gida. Amma kasuwar aiki ba ta karanta irin waɗannan nazarce-nazarce. Sakamakon haka malami yakan tarar ana biyansa ƙasa da wanda ya fi ƙwarewa, ko a riƙa gyara masa lafazi a gaban ɗalibansa. Akwai kuma ɗaya fuskar: inda aka fifita baƙo da gida da alawus, malami ɗan ƙasa da ke ɗauke da nauyin aji yakan ji an wulaƙanta shi, haɗin kan da ake buƙata a ofishin malamai ya lalace.

5.4 Siyasa da Tsaro

Baƙon malami yana zaune ne a inuwar dangantakar ƙasashe biyu, kuma inuwa na gushewa. A watan Oktoba na 1961 katin wasiƙa da wata 'yar Peace Corps ta rubuta a Ibadan, tana bayyana ƙazantar da ta ce ta gani, ya faɗa hannun ɗalibai, ya tayar da zanga-zangar da ta kusa rushe shirin tun yana jariri. Yaƙin basasa na 1967 ya sa aka kwashe 'yan sa-kai daga Gabas. A Nijar, inda Peace Corps ta fara aiki a 1962 da malaman Ingilishi, an dakatar da shirin a watan Janairu na 2011 bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Nijeriya da Nijar na tsawon watanni. A kowane irin wannan hali malami yana iya rasa albashi ko hanyar gida, ɗalibai kuma su rasa malami a tsakiyar zango.

5.5 Gurbin da aka Bari a Gida

Wannan ita ce illar da ba a cika lissafawa ba, domin wanda ta faɗa wa ba shi da murya. A ƙaddara makarantar gwamnati a tsohon garin Jos tana da ƙwararren malamin Ingilishi guda mai riƙe da aji biyar na manyan ɗalibai, kowane aji da yara sittin. Insha'i ɗaya a mako yana nufin takardu 300 da zai duba. Idan ya tafi, ajin yakan faɗa hannun ɗan bautar ƙasa mai wa'adin shekara ɗaya, ko malamin tarihi da aka roƙa ya taimaka, kuma abu na farko da ke mutuwa shi ne duba insha'i. Alhali samun kiredit a Ingilishi sharaɗi ne na shiga jami'a a Nijeriya, kuma darasin dole ne a jarrabawar JAMB. Yaron Kwararafa da ya ci sauran darussa ya faɗi wannan guda, sai ya sake biyan kuɗin jarrabawa ko ya haƙura ya koma kasuwa. Wanda ake zaɓa ya tafi waje kuwa yawanci shi ne mafi ƙwazo. Nijeriya ta ɗanɗani wannan ta ɗaya gefen: malaman da suka cika azuzuwanta a ƙarshen shekarun 1970 gurabe suka bari a makarantun Ghana.

6.0 Sharuɗɗan Dacewa

Idan aka ɗora abin da ya gabata a kan sikeli, za a ga cewa baƙuncin malami ba shi ne ke kawo riba ko hasara ba. Abubuwan da ke rinjayar da sikelin ana iya sarrafa su.

Na farko shi ne horo a kan harshen ɗalibai kafin a shiga aji. Ba lalle malami ya ƙware ba, amma ya san tsarin sauti da ginin jimlar harshen gwargwadon da zai hango kurakurai kafin su zo. Sassan harsunan Nijeriya da na kimiyyar harshe a jami'o'in tarayya suna da masu iya shirya irin wannan kwas na makonni kaɗan.

Na biyu shi ne dacewar wuri da mutum. Bahaushe mai ɗan Faransanci ya fi amfani a Maraɗi da Tawa, Bafillace a Gambiya inda ake jin wani karin Fulatanci, Babarbare a Difa. Tura malami ba tare da duban harsunan da yake ji ba ɓarnar dukiya ce da ƙasa ta riga ta mallaka.

Na uku shi ne a haɗa baƙo da malami ɗan ƙasa a matsayin abokan aiki masu daraja ɗaya, domin abin da baƙo ya kawo ya zauna bayan tafiyarsa. Shirin da bai horar da magaji ba zai ci gaba da neman baƙo har abada.

Na huɗu ya shafi gida: kada a saki malami sai an tanadi wanda zai riƙe ajinsa, a kuma tabbatar masa da gurbinsa da ƙarin girmansa idan ya dawo. Idan tafiya ta zama hanyar fita da ba ta da ƙofar dawowa, to karin maganar nan ta kowa ya bar gida gida ya bar shi za ta tabbata a kan malami da makaranta baki ɗaya.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin zuwan baƙin malamai Arewacin Nijeriya da fitar malaman Nijeriya zuwa waje, ta nuna cewa koyar da Ingilishi a sakandaren gwamnati ta wata ƙasa yana cike gurbi, yana buɗe idon malami, yana kuma ƙulla zumunci tsakanin ƙasashe. Ta kuma nuna cewa giɓin harshe da gajeren zama da fifita fasfo a kan ƙwarewa da sauyin siyasa suna rage wannan amfani, sannan ɗalibin da aka bari a gida shi ke biyan kaso mafi tsoka na farashin. Akwai aikin da ke jiran manazarta harshe a nan. Waɗanda baƙin malamai suka koyar a Jos da Kano da Katsina da Sakkwato tsakanin 1960 da 1986 suna nan da ransu, da yawa sun yi ritaya, kuma lafazinsu da labarinsu taska ce ga mai nazarin tarihin Ingilishin Nijeriya. Haka su ma malaman da suka je waje suka dawo. Naɗar muryoyin waɗannan rukunoni biyu da nazarinsu zai ba masu tsara manufofin ilimi hujjar da za su dogara da ita kafin su tura malami ko su karɓi wani.